A Tsara Makomar Gona Tun Mai Ita Na Raye

A yawancin ƙauyukan ƙasar Hausa, maganar wanda zai riƙe gona ba ta tashi sai bayan sadakar arba'in. Sannan ne ake kiran malami da mai unguwa, a ɗauko igiya a shiga gwaji, ana kafa dutse ko dasa gamba a kan sababbin iyakoki. Kafin wannan rana dattijo ne ke riƙe da komai: shi ke cewa ga inda za a shuka gero, ga ranar buɗe rumbu, ga san da za a kai kasuwa. A ganina wannan jinkiri yana cin gonakinmu fiye da yadda muke zato, kuma ya kamata duk maigidan da ya haura sittin ya tara iyalinsa su tsara makomar ƙasarsa tun ƙafarsa tana kai shi gona.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka mutum ya rasu ya bar eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza 5 da mata 4, iyayensa kuma sun riga shi. Matar za ta ɗauki tumuni, wato eka 1. Sauran eka 7 za a kasa su kashi 14, kowane namiji ya sami eka 1, kowace mace rabin eka. Gonar da ta ciyar da gida guda, ta riƙe shanun huɗa biyu, ta koma gutsattsari goma. Eka ɗaya ba ta isa ta sa mutum ya sayi garma ko injin ban ruwa ba, kuma idan shi ma ya bar 'ya'ya tara, abin da kowannensu zai samu bai wuce filin gida ba. Ƙarshenta wanda ke zaune a birni ya sayar da nasa ga dillali. Dorayi, wadda Polly Hill ta yi nazarinta a farkon shekarun 1970 a matsayin karkarar manoma masu ƙarancin ƙasa, yau unguwa ce a cikin birnin Kano.

Kakanninmu suna da tsarinsu, shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa, har masu aure, suna noma babbar gona tare, a ci daga rumbu ɗaya, uba ya biya haraji ya yi wa ɗa aure, ya kuma yanka masa gayauna da zai noma da yamma don kansa. A cikin wannan zaman ne ɗa yake sanin gefen da ke riƙe ruwa da wanda ƙuduji ya kama, da irin da ke jure fari. Cin rani da boko da neman kuɗin hannu sun sassauta gandu, kuma ba a kawo wani abu a madadinsa ba. Asarar ta fi yawan ƙasa. Binciken Michael Mortimore a kewayen Kano ya nuna cewa gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu sun daɗe suna bayarwa ne saboda takin da ake kai musu ba fashi. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma sun farfaɗo da miliyoyin hekta ta hanyar barin gawo da sauran itatuwa su sake tofowa a gonaki. Taki da itace duk aikin shekaru ne. Ɗan da bai san wane gefe zai zama nasa ba, ko ma za a bar masa gonar, ba zai yi ta jigilar taki da amalanke don wani ya girba ba.

Za a ce ai Allah ya riga ya raba gado a Suratun Nisa'i, wane ne mutum da zai yi wani tsari? Haka ne, kuma ba wanda ya isa ya taɓa kason kowa. Amma sanin kaso daban, tsaga ƙasa da igiya daban. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya yarda magada su ci gaba da mallakar gona tare in sun amince, ɗaya ya noma a ba sauran haƙƙinsu daga amfanin. Ya yarda wani ya sayi rabon ɗan'uwansa. Akwai shuf'a, wadda ta ba abokin tarayya a gonar da ba a raba ba damar karɓar rabon da aka sayar wa bare a kan kuɗin da aka saya. Akwai kyauta, wadda ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa a hannunsa tun mai bayarwa na da lafiya, tare da gargaɗin da ke cikin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir cewa a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Akwai wasiyya da ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji, akwai waƙafi. Gaskiya ne cewa bayan rasuwar uba kowane magaji na da ikon cewa a fitar masa da nasa. Shi ya sa zaman ke da amfani: a san tun yanzu wa ke son noma, wa ke son kuɗi, mai son noman ya fara tanadin abin da zai fanshi rabon 'yan'uwansa, maimakon a taso masa a tsakiyar damina.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta 'ya'ya mata da marayu. An daɗe ana fakewa da “a bar gona a dunƙule” ana danne haƙƙinsu, babban wa ya ci gaba da noma, ƙanwa ta tsufa a gidan miji ba ta ga ko dami ɗaya ba. Wannan zalunci ne, kuma duk tsarin da bai toshe shi ba bai cancanci goyon baya ba. Sai dai a lura, a cikin shiru da rashin rubutu ne yake samun wurin zama. Idan uba da bakinsa, a gaban liman da mai gari, ya sa an rubuta cewa wance tana da kaza a gonar nan, za a kai mata kaza kowace kaka, kuma ranar da ta so fita za a biya ta a kan farashin ranar, zai yi wa babban wa wuya ya musa. A takardar nan ne kuma za a rubuta gonar da ke hannun wani a kan jingina ko aro, da bashin da ke kan maigida, domin irin waɗannan ne ke cika kotunan shari'a da ƙararraki bayan shaidu sun mutu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke ba da shaidar saye da kyauta da gado har a matakin ƙauye. Jihohin Arewa na da abin koyi a nan.

Makiyaya sun ɗan fi manoma a wannan fanni, domin Bafulatani yakan ba ɗansa maraƙa tun yana ƙarami, garken yaro ya girma a cikin na uba. Abin da ba ya rabuwa shi ne burtali da mashaya da amanar da dattijo ya ƙulla da manoman da yake sauka a gonakinsu bayan girbi. Dokar wuraren kiwo ta 1965 ba ta hana a cinye yawancin waɗannan hanyoyi ba, don haka dole uba ya kai ɗansa ya gabatar da shi ga waɗannan mutane tun yana iya tafiya.

Shi kansa dattijon yana da tsoro, kuma tsoron na da dalili. Wasu na ganin maganar kamar kiran mutuwa ce, wasu sun ga maƙwabcin da ya miƙa komai ya koma roƙon tuwo a gidansa. Ba a ce ya miƙa komai rana ɗaya ba. Ya fara da sakin fadama ko gona guda, ɗa ya zaɓi iri, ya sayi taki, ya sayar da amfani, ya yi kuskurensa uban na kusa. Uban ya riƙe wa kansa da matansa wani yanki da kaso sananne a rumbu, a rubuce. Masu cewa samari ba sa son noma su duba Kadawa da sauran wuraren noman rani, inda matasa ke biyan hayar fili su shuka tumatir da shinkafa. Abin da mai shekara arba'in ba ya so shi ne ya yini da fartanya ba shi da ta cewa a kan buhu ɗaya. Limamai da alƙalai da malaman gona ne suka fi dacewa su fara tayar da zancen, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, kafin masu cin rani su kama hanya.