Kambas Mai Gajeren Wuya: A Fara Tambayar Ƙafa

Duk mai cire takalmi sau biyar a rana a ƙofar masallaci ya san abin da ya sa na fi son kambas mai gajeren wuya, wanda ya tsaya ƙasa da idon sawu. Mai dogon wuya don 'yan ƙwallon kwando aka yi shi. Haka kamfanin Converse ya fito da All Star a Amurka a 1917, sai a 1957 aka samu gajerensa. Mu da ba tsalle muke yi ba, me ya kai mu fama da igiya ana tada iƙama?

Yadda muke saye ne yake damuna. Makon jiya na raka ɗan yayata kasuwar Ƙofar Wambai. Ya hango wani fari fat, ya duba tambari, har ya fara laluben aljihu. Na ce, "Sa duka biyun da safa, ka taka mu gani." Taku uku ya yamutsa fuska. Mai kaya ya ce, "Ai zai buɗe, Alhaji." Fata takan ɗan saki a faɗi, gaskiya ne, amma takalmi ba ya ƙara tsawo. Idan babu ratar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin, ajiye shi. Kuma da yamma ake gwaji, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini.

Lanƙwasa takalmin da hannu: ta wajen yatsu ya kamata ya lanƙwasu, ba ta tsakiya ba. Matsa bayan dunduniya, in ya lotse kamar kwali ba zai riƙe ƙafa ba. Na fi natsuwa da ƙasan da aka ɗinke, domin zafin kwalta da ruwan damina ba sa raga wa gam mai arha. In na gwanjo ne, juya shi. Wanda ya cinye ta gefe guda ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko.

Na yadi yana shan iska amma yana shan ruwa. Na fata, irin Stan Smith, tsumma mai laima ya ishe shi. Fari kuwa, da hunturu a Kano, sai mai haƙurin goge shi kullum.

Yaron dai da mai ruwan toka ya dawo gida, lamba ɗaya sama da wadda ya saba cewa ita ce tasa.