Wa Ya Koya Wa Ido Raina Ginin Ƙasa?

Ra'ayin da ya yi kaka-gida a ƙasar Tasawa da Mayahi, har zuwa ƙauyuka irin su Attantane, shi ne ginin bulo da rufin kwano ya fi ginin ƙasa kyau, kuma ana faɗin haka tamkar abu ne da ido yake ganewa da kansa. Wannan kuskure ne, domin ido koya masa ake yi, kuma abin da yaro ya tashi yana gani a littafin lakwal da ajinsa da ofishin hukuma shi ne ya zame masa ma'aunin kyau, har ya girma yana kallon soron kakansa a matsayin alamar talauci.

Alhali kuwa Hausawa suna da tasu makarantar zayyana, wato ilimin tsara siffar abu kafin a yi shi, kuma ajinta gindin bango ne, inda ɗan magini yake farawa da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya yi shekara da shekaru kafin a yarda ya ɗaure bakan gizo, wato bakan azara da ke ɗauke da rufin soro. A nan yake koyon tsayin zankon da ya dace da faɗin zaure, da yadda ake jan zane a jikin yaɓe tun yana ɗanye, da shafen makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa don ta kare bango daga ruwan damina. Wanda ya yi wannan karatu ya san abin da ya sa gidajen unguwar Birni a Damagaram suke tsayar da mai wucewa.

Masu cewa zamanin wannan ilimi ya wuce sai su dubi masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, masallacin kuma ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, su dubi Dandaji, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci da bulon ƙasa a 2018, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Gaskiya ne ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, giginyar azara kuma ta yi wuya, amma wannan maganar aljihu ce, kuma ɗakin kwano ba ya shiguwa da tsakar ranar bazara. Babban abin takaici shi ne samari da yawa suna fitowa daga cibiyoyin koyon sana'a sun iya awon bulo da siminti, ba tare da an taɓa zaunar da su gaban sarkin magina ba.