Kano Pillars: A Daina Ɗora Wa 'Yan Wasa Kaɗai Laifi

A majalisun Soron Ɗinki da sauran unguwannin cikin Badala, har yau ba a gama shari'ar wasan Asaba na 2018 ba. Kano Pillars tana gaba da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Aiteo, sai Enugu Rangers ta farke su duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Tun daga ranar wasu magoya baya ke riƙe da 'yan wasa a zuci, kowa da wanda yake zargi.

A ganinmu wannan fushi ya ɓata hanya. Ƙungiyar da ta lashe gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta daɗe tana tuntuɓe a wasannin sili-ɗaya-ƙwale. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, amma Heartland ta Owerri ta zura mata ƙwallo 5 gida da waje a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka. AC Léopards ta kore ta tun da wuri a 2013, AS Vita a 2014, Moghreb Tétouan a 2015. 'Yan wasa sun sauya, masu horarwa sun sauya, ciwon yana nan.

Abin da bai sauya ba shi ne mai ƙungiyar, wato Gwamnatin Jihar Kano. Ita ke naɗa shugabanni, ita ke sakin kuɗi, don haka ita ya kamata masu cewa "Sai Masu Gida" su tambaya: wane shiri ake yi kafin a fita Afirka, kuma wa ake tuhuma idan an dawo hannu rabbana?