Hunturu da Tukunyar Mama

Wata rana da safe cikin watan Janairu, ina kan aikin kula da ɗakin cin abinci, na tsaya kusa da babbar tukunyar kunu ina kallon abin mamaki. Hazo ya rufe gari, dutsen da ke bayan makaranta ko alamarsa ba a gani, yara kuwa kowa ya cusa hannu cikin hammata yana rawar ɗari. Ga kunun tsamiya yana ta tururi, wanda masu dafa mana abinci suka tashi tun ƙarfe huɗu suka dama. Amma har aka buga ƙararrawar shiga aji, fiye da rabinsa yana nan. Da na zaga bayan ɗakin kwana sai na iske waɗansu 'yan mata sun jiƙa garin rogo da ruwan sanyi, waɗansu suna taunar biskit. Na ce wa ɗayarsu, "Ke, me ya hana ki shan kunu?" Ta ce, "Malama, ai kunu na masu jego ne da tsofaffi." Sauran suka kwashe da dariya. Ni ma na dara, amma maganar ta bi ni har gida.

Ya ku ɗalibai, da ku iyaye da wannan littafi zai faɗa hannunku, ra'ayina shi ne yawancin abin da ke tsare gida a lokacin sanyi daga tukunyar uwa yake fitowa, kuma mu da muka yi boko mu ne muka fara raina ta, alhali kuwa littattafan da muke taƙama da su goyon bayanta suke yi.

Mu fara da hunturun kansa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Maris iska takan taso daga hamadar Sahara, ta gabas maso arewa, ta kwaso ƙura mai laushi, da yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Iskar busasshiya ce ƙwarai. Mu da ke kan tudun Jos, mita 1,200 da ɗoriya sama da teku, mun fi kowa sanin sanyin asubarta. Sai leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yaro ya tashi da haɓo. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In cikin hanci da maƙogwaro suka bushe, ga ƙura, ga mu kuma mun cunkushe a ɗaki ɗaya mun toshe kowace kafa, to, tarin mutum ɗaya ya ishi gida duka.

Sai ku duba alherin Ubangiji. Hunturu ba ya zuwa sai bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika. Gero da dawa da acca sun shigo gida, an roro wake, an tone gyaɗa, kabewa tana jibge a kan rufin ɗaki, tsamiya ta nuna. Masu lambu a fadama sun fara kawo tumatir da albasa da karas da kabeji, manyan motoci suna sauke lemo daga Binuwai. Wato abincin da jiki ya fi bukata a wannan lokaci shi ne ya fi araha a kasuwa. Uwata ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san wannan lissafi sarai.

Ku ɗauki kunun nan da kuka raina. Da sanyi ba mu cika jin ƙishirwa ba, alhali iska tana ta tsotse ruwan jikinmu, don haka yaro kan wuni bai sha abin kirki ba. Kofin kunu mai ɗumi da safe ruwa ne, abinci ne, ga citta da kanumfari da masoro suna buɗe hanci. In kunun gyaɗa ne, irin wanda mutanen Adamawa suka gwanance a kai, an ƙara maiƙo da abin gina jiki, yaro ya kai azahar bai yi hamma ba. Na tuna yadda Mama takan zaunar da mu da faifai mu tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna a yar. Mukan yi gunaguni, mu ce ɓarna ce. Sai a kwalejin horon malamai na ji cewa fumfunar gyaɗa da ta masara tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Haka miyar kuka, wadda wasunku ke jin kunyar a ce ita aka ci a gidansu. Ganyen kuka yana da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da wanda ke ƙara jini, garin 'ya'yanta kuwa ya fi lemo bitamin C. Zogale, kabewar miyar taushe, karas da manja, duk suna ba da bitamin A, wanda ke kiyaye ido da kuma fatar cikin hanci da huhu, daidai wurin da hunturu ke kai wa hari. Kuma a inuwa Mama ke shanya ganyenta, ba a tsakar rana ba, ta ce rana tana shanye masa kyau. Gaskiyarta, ganyen da ya bushe a inuwa ya fi riƙe amfaninsa. Gwate kuwa, wanda waɗansu ke kira fate, ni a ganina babu abincin sanyi kamarsa: tsakin masara ko acca, a zuba alayyafo da yakuwa da gauta, a jefa wake ko dakakkiyar gyaɗa, tukunya ɗaya ta haɗa kome, mutum ya sha har gumi ya karyo masa. Hatsi da wake in sun haɗu, abin da ɗaya ya rasa na gina jiki ɗayan yana cikawa. Tsamin yakuwa yana taimakon jiki ya ɗebi sinadarin ƙarin jini daga ganye. Shayi kuwa, in an sha shi tare da abinci, rage wannan ɗiba yake yi.

Ban ce shayi da burodi zunubi ba ne, ni ma ina sha. Taliyar leda ma ta sha fid da ni kunya ranar da na dawo daga aiki a gajiye. Abin da ke damuna shi ne a mai da su abincin kullum, a ɗauka ci gaba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Dunƙulen miya na kanti kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa sai mu jefa huɗu a tukunya mu bi da gishiri, daddawa tana gefe mun ce tana wari.

Bari in faɗi laifin kaina. Shekarar da na haifi ɗana na biyu an yi wani sanyi mai tsanani. Wani dare na cika kasko da garwashin gawayi, na kai ɗakin da muke kwana, na rufe ƙofa da taga, har na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofar. Mama, wadda ta zo taya ni zaman jego, ta ce, "'Yar nan, ba a kwana da wuta a rufe." Na ce mata, "Mama, ki bari, ai gawayi ba ya hayaƙi." Ni ce mai takardar shaida, ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Can cikin dare babbar 'yata ta tashi tana amai, ni kuma na yunƙura in tashi na ji kaina kamar an ɗora mini dutse, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Mama ce, da ta kasa barci a ɗaya ɗakin, ta banko ƙofa ta fid da mu waje cikin sanyin da nake gudu. Garwashi yana fid da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita, mutum ya zarce daga barci. Na san wannan a takarda, har na ci jarrabawa a kansa. Ba ta ce mini kome ba washegari, sai dai ta miƙo mini kunu.

Duk da haka ba zan ce duk abin da iyayenmu mata suka gada daidai ne ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ita zumar ma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko da tari yake yi. Kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan shansa, haɗe da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da ciwon zuciya da kumburin da ke kama mata bayan haihuwa. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana tara ruwa a jiki. Sai kuma al'adar da muka ƙirƙiro da kanmu, ta rugawa kemis a sayo kafso da zarar yaro ya yi atishawa. Kafso ba ya kashe mura, kuɗi kawai yake ci, ya kuma koya wa waɗansu cututtuka taurin kai.

Akwai kuma inda tukunya ba ta da iko, uwa mai hikima ta san iyakarta. In yaro yana tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ko kuwa 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ana ganin ƙasan ƙirjinsa yana shigewa ciki in ya ja numfashi, wannan ciwon haƙarƙari ne, asibiti za a nufa a ranar. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ma haka. Mu da muka ga shekarar 1996 muna yara ba mu manta ba, sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. A ƙarshen hunturu yake tasowa, ya yi ƙarfi da shigowar bazara. An fara allurar rigakafin wani nau'insa a Nijeriya a 2011, a 2024 kuma aka kawo sabuwa mai tsare nau'i biyar. Babu miyar da za ta maye gurbin allurar nan.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A ranar mata a majami'a mukan karanta Karin Magana sura 31, mu yaba wa macen kirki wadda sanyi ba ya ba ta tsoro domin ta riga ta shirya wa iyalinta sutura. Mu tafa, mu ba ta turmin atamfa, shi ke nan. To, wa ya taɓa duba hannuwanta a watan Disamba? Ita ce mai tashi da duhu ta sa hannu cikin ruwa mai kama da ƙanƙara, ta hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi yana shiga idonta da na goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin girki na cikin gida ne sanadi. Ita ce mai shafa wa kowa man kaɗe ta manta da nata fason. Ita ce mai ci daga ƙarshe, in nama ya ƙare ta ce ba ta jin marmarinsa, ko da kuwa tana shayarwa, lokacin da ta fi kowa a gidan bukatar abinci da ruwa. In ta kwanta ciwo kwana biyu, sai gida ya koma shayi da burodi, domin babu wanda ya koyi kome a hannunta.

Ku samari, da ku nake musamman. Na ji wasunku na cewa murhu wurin mata ne. Yakubu ɗan Ishaku yana da uwa a raye sa'ad da ya dafa faten wakensa, kuma Ubangijinmu Yesu da kansa ya hura wuta ya gasa wa almajiransa kifi a bakin tekun Tibariya. Ba ku fi su ba. In kun je hutun Kirsimeti, kafin ku fara zancen sababbin kaya, ku faskara itace ku jera ya bushe, domin busasshen itace ya fi ƙarancin hayaƙi. Ku ɗebo ruwa tun da yamma, ku ɗora na wanka da asuba ita tana kwance. Ku 'yan mata kuma ku zauna kusa da ita da littafin rubutu, ku tambaye ta yadda ake jiƙa tsamiya, da lokacin da ake kaɗa kuka don kada ta yi gudaji, da yawan ruwan da acca ke sha. Iyaye maza, taga ɗaya a ɗakin girki ba ta kai kuɗin kazar Kirsimeti ba.

Bara na gwada wannan a gidana. Ɗana, wanda aka fid da shi daga ɗakin garwashin nan yana cikin zane, na ce shi zai dama mana kunu ranar 26 ga Disamba. Ya zuba gasarar kafin ruwa ya tafasa, ya yi ta juyawa, abu ya ƙi kauri, ya mayar kan wuta ya kama a gindi. Kakarsa ta karɓi kofinta ta kurɓa, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Maigida, gobe ka bar ruwan ya yi ta ɓararraka tukuna." Ta shanye, ta miƙa masa kofin ya ƙara mata.