Kuɗin agajin gaggawa a Abuja: wa ake horarwa, kuma ina rabon mazauna Kudu?

Ranar 19 ga Maris 2025, da yamma, ana cikin azumi, wata babbar mota ta ƙwace a gadar Karu da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ta afka wa motocin da cunkoso ya riƙe, wuta ta tashi. Motoci fiye da goma suka ƙone, aka yi asarar rayuka. Wata biyu kafin nan, ranar 18 ga Janairu, tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, mutum fiye da 80 suka rasu, yawancinsu waɗanda suka je kwasar fetur. A wurare biyun, waɗanda suka fara isa kan mamata da masu rauni su ne mutanen da ke kusa: 'yan acaɓa, direbobi, masu talla a bakin titi.

Wani zai ce, to mu da ke Agege ko Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, ina ruwanmu da Abuja? Ruwanmu babba ne. Duk tirelar shanu ko ta albasa da ta taso daga Arewa ta biyo hanyar Lokoja, sai ta ratsa Gwagwalada da Kwali da Abaji, kuma 'ya'yanmu ne a kanta. Sannan a Abuja ake yanka kuɗin agajin gaggawa na ƙasar baki ɗaya, a can kuma ake fara gwada tsari kafin a kai shi jihohi. In abu bai yi aiki a gindin gwamnati ba, da wuya ya yi a Mile 12.

Bari mu bi kuɗin tukuna. Hanyoyi uku na fi so mu riƙe.

Ta farko ita ce hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999. Dokarta ta ba ta kashi 20 cikin ɗari na kason gwamnatin tarayya a asusun kula da muhalli, wanda aka buɗe tun 1981 don zaizayar ƙasa, ambaliya da makamantansu. Dokar ta kuma tanadi kowace jiha ta kafa nata tsarin agajin. Abuja na da tata hukumar da aka fi sani da FEMA, Legas na da LASEMA.

Ta biyu ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma kashi 5 cikin ɗari na wannan asusu na jinyar gaggawa ne. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Ku yi lissafi da kanku: kashi 5 ya kama kusan biliyan 2.75. In da za a raba daidai tsakanin jihohi 36 da Abuja, kowa zai tashi da kamar miliyan 74. Wannan kuɗi zai sayi motar asibiti nawa, ya biya ma'aikata nawa, balle a yi zancen horo? Daga wannan asusu ne aka ɗauki nauyin shirin NEMSAS, wanda aka fara gwajinsa a Abuja a 2022, da alƙawarin ɗaukar mai rauni a motar asibiti da yi masa jinya kyauta na awa 48 na farko.

Ta uku ita ce kasafin hukumar kashe gobara ta tarayya, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, tana aiki da dokar da aka yi tun 1963, kuma tana da makarantar horar da jami'anta a Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali.

Ka ga ke nan ba wai babu doka ko babu asusu ba ne. Abuja ma ta fi kowa gata, tunda Majalisar Tarayya ce ke amincewa da kasafinta, ga hedikwatar NEMA da ta 'yan kwana-kwana da ta hukumar kiyaye haɗurra duk a cikinta. Kuma ta sha gwaji mai ɗaci: bam na ranar 1 ga Oktoba 2010, na ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agusta 2011, na tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilu 2014 da ya ci mutum fiye da 70, ambaliyar rukunin gidajen Trademore a Lugbe a Yunin 2023, da turmutsutsun rabon abinci a Maitama a Disambar 2024 inda mutum 10 suka rasu. Garin da ya ga wannan duka ya kamata ya zama makarantar sauran garuruwa.

A ganina matsalar tana wajen abin da muka ɗauka shi ne agaji. A ƙasar nan, da an ce agaji sai hankali ya tafi kan buhun shinkafa, katifa da kwanon rufi da ake rabawa bayan an binne mamata. Wannan yana da amfaninsa, ba na musu. Sai kuma sayen motoci, don mota ana jera ta a yi mata hoto a yanka zare. Shi kuwa horo ba ya ɗaukar ido. Babu wanda ake yi wa guɗa don ya koya wa 'yan dako ɗari biyu yadda ake tsayar da jini. Amma likitoci sun daɗe suna faɗa cewa wanda babbar jijiyar jininsa ta yanke zai iya mutuwa cikin 'yan mintuna. Motar da za ta taso daga tsakiyar gari ta ratsa cunkoson Nyanya da yamma ba za ta riske shi da rai ba, sai in na kusa da shi ya san abin yi.

Akwai abin dubawa a Amurka. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, gwamnatin tarayyarsu ta fito da tallafi na musamman ga manyan birane don shirin ko-ta-kwana, horo da atisaye. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗin da ke kansa: kuɗin na bi ta hannun jiha, amma wajibi ne ta miƙa aƙalla kashi 80 cikin ɗari ga ƙananan hukumomi cikin kwana 45. Ba cewa na yi mu kwafo tsarinsu dungurungum ba, su ma suna da nasu ƙorafin. Darasin dai shi ne a ɗaura wa kuɗi sharaɗi da wa'adi. Abuja na da ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Me zai hana a ce kowace ta samu kaso na horo kaɗai, ta kuma buga sunayen unguwannin da aka horar da adadin mutanen, kowa ya gani?

To, mu dawo gida. Unguwanninmu a Kudu sun fi kowa buƙatar wannan. Kasuwanninmu na katako ne da langa-langa, lungunanmu motar kashe gobara ba ta shiga, gas da gawayi da janareta duk a wuri ɗaya. Ga matsalar harshe: yaron da ya zo daga Illela watan jiya, in ya kira 112 ko 767 a Legas, da wane yare zai yi bayani? Ga tsoro, domin da yawa cikinmu na gudun kai mai rauni asibiti kada a riƙe su. Alhali sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar jinyar gaggawa, kuma dokar 2017 ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ko babu takardar 'yan sanda. Mutum nawa ne a Sabo suka san haka?

Amma fa ba da hannu wofi muke ba. Muna da 'yan agaji na Jama'atu, na Izala, na Fityanu, matasa masu kaki da ladabi da ke tsare taron Idi da wa'azi. Muna da ƙungiyoyin direbobi, na mahauta, na 'yan gwari. Rundunar a shirye take, horo da amincewar hukuma ne suka rage.

Don haka shawarata ga iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa guda huɗu ce. Na ɗaya, a rubuta wa hukumar agajin gaggawa ta jiha da ƙungiyar Red Cross takarda, a nemi su zo su horar da matasanmu, a miƙa musu jerin sunaye. Na biyu, a nemi a sa wakilinmu a kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, a kuma nemi a ɗauki masu jin Hausa a cibiyoyin amsa kira. Na uku, kowane layi a kasuwa ya tanadi tukunyar kashe gobara da akwatin taimakon farko, a buɗe hanyar da mota za ta shiga, ko da rumfar wani babba ce ta tare. Na huɗu, duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'armu, a tambaye shi nawa jiharsa ta karɓa daga asusun jinyar gaggawa, kuma mutum nawa aka horar da shi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani a rubuce daga hukumomin tarayya.

Haraji dai muna biya a kowace kasuwa da kowane shingen hanya daga Jibiya har Apapa, saboda haka wannan haƙƙi ne muke nema. Gobara ba ta tambayar asali kafin ta ci rumfa, kuma matashin da aka horar a Sabo zai ceci maƙwabcinsa Bayarabe ko Inyamuri kamar yadda zai ceci ɗan'uwansa. Allah Ya kare mu da tsautsayi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.