Sharhi: Tun Ran Gini Tun Ran Zane Ake Ceton Rai a Kan Titi

A duk lokacin da wata gwamnati za ta shimfiɗa sabon titi, akwai alƙaluman da ba ta taɓa mantawa da su ba wajen sanarwa: tsawon titin, da kuɗin kwangilarsa, da yawan motocin da zai ɗauka, da kuma mintocin da matafiyi zai rage a hanya. Adadi guda ne ba a cika jin ɗuriyarsa ba, wato mutum nawa ake sa ran za su rasa rayukansu ko su jikkata a kan wannan titi a kowace shekara bayan an buɗe shi. A da can, ana iya yi wa injiniyoyi uzurin cewa babu hanyar sanin haka. A yau wannan uzuri ya kau, domin kuwa binciken shekaru da dama ya samar da dabarun kintatar yawan haɗurra tun titi yana kan takarda. Saboda haka wajibi ne wannan adadi ya zauna kafaɗa da kafaɗa da kuɗin kwangila kafin a rattaba hannu a kan kowane zane.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a shekarar 2021. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ke kan gaba, inda ake rasa kusan mutum 19 cikin kowane 100,000 a shekara, kusan ninki uku na abin da ake gani a Turai. Ita kanta Amurka, duk da arzikinta, ta yi asarar rayuka sama da 40,000 a kowace shekara daga 2021 zuwa 2023.

Tsawon zamani, hanyoyi biyu injiniyoyi suka dogara da su. Ta farko ita ce bin littafin ƙa'idojin zane: muddin faɗin titi da lanƙwasar kwana da nisan da direba ke iya hangowa sun cika sharuɗɗan da aka rubuta, sai a ɗauka titin ba shi da haɗari. Ta biyu kuwa ita ce jira: a bar titi ya yi aiki, a ƙirga gawarwaki, sa'an nan a garzaya a gyara wurin da ya fi cin mutane, abin da Bahaushe ke kira ihu bayan hari. Farfesa Ezra Hauer na Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada, wanda littafinsa na 1997 a kan auna tasirin gyaran hanya ya zama madogara a wannan fage, ya daɗe yana jan hankali cewa cika ƙa'ida daban, kare rai daban. Tituna biyu na iya cika dukkan sharuɗɗa, amma ɗaya ya riƙa kashe ninkin abin da ɗayan ke kashewa, domin yawancin ƙa'idojin an rubuta su ne bisa hankali da al'adar sana'a, ba bisa ƙidayar haɗurran da suka auku ba.

Wannan giɓi ne ƙungiyar jami'an hanyoyi da sufuri na jihohin Amurka, wato AASHTO, ta nemi cikewa a 2010, lokacin da ta wallafa kundin da ake kira Highway Safety Manual, jagoran kiyaye haɗurra a kan manyan hanyoyi. Dabarar da ke cikinsa matakai uku ce. Mataki na farko wani lissafi ne da aka ciro daga tarihin haɗurran ɗimbin tituna masu kama da juna, wanda ke danganta yawan motoci da tsawon titi da yawan haɗurran da za a sa rai. Alal misali, a titin karkara mai hannu biyu, miƙaƙƙe, shimfiɗaɗɗe, wanda faɗin kowane hannu ƙafa 12 ne kuma yake da kafaɗar kwalta ta ƙafa 6, idan motoci 5,000 ke binsa a kullum, lissafin na nuna haɗurra kusan 13 a shekara cikin kowane mil 10, wato kimanin kilomita 16.

Mataki na biyu shi ne daidaita wannan adadi da ainihin siffar titin da ake son ginawa. Kowane sauyi a zane yana da nasa ma'auni, wanda bincike ya tabbatar. Idan aka rage faɗin hannu daga ƙafa 12 zuwa 10 a titin da ke ɗaukar motoci fiye da 2,000 a rana, haɗurran kauce wa hanya da taho-mu-gama da gogar juna kan ƙaru da kashi 30 cikin 100. Idan aka kai shi ƙafa 9 kuwa, ƙarin kan kai kashi 50. Haka abin yake ga kaifin kwana, da gangara, da yawan ƙananan hanyoyin da ke shigowa titin. A mararraba mai hanya huɗu akwai wurare 32 da motoci za su iya cin karo da juna, amma a shatale-tale mai layi ɗaya wurare 8 ne kacal. Hukumar manyan hanyoyin tarayya ta Amurka ta ce mayar da mararraba mai fitilar ba da hannu zuwa shatale-tale na rage haɗurran da ke kisa ko jikkatawa da kashi 78 cikin 100.

Mataki na uku ya shafi titin da ya riga ya wanzu, kuma shi ne ke kare hukuma daga yaudarar kanta. Haɗari abu ne mai hawa da sauka. A ɗauka wata kwana ta saba ganin haɗurra uku a shekara, sai wata shekara suka kai tara. Jama'a suka koka, aka kafa allon gargaɗi, shekara ta zagayo adadin ya koma huɗu, jami'ai suka yi ta murnar nasara. Alhali ko da ba a kafa komai ba, bisa ga dukkan alamu adadin zai sauko da kansa zuwa inda ya saba. Don kauce wa irin wannan kuskure, dabarar kan haɗa tarihin wurin da abin da lissafi ke nunawa game da wurare irinsa, ta ba kowanne nauyin da ya dace da shi. Ta haka ake bambance wurin da ke da aibi na gaskiya da wanda ya gamu da mummunar shekara kawai, kuɗin gyara ya tafi inda zai yi amfani.

Muhimmancin wannan duka shi ne ya mayar da batun rai abin da za a iya ɗorawa a kan sikeli. Idan aka gabatar wa minista ko gwamna zane biyu, ɗaya ya fi araha amma ana sa ran zai haddasa ƙarin mace-mace a cikin shekaru 20, to zaɓin da zai yi zaɓi ne da ido biyu, kuma akwai abin da za a tuhume shi da shi. Lissafin kan kuma tona wani abu da ba a son faɗa a bikin yanke kyalle, wato sabuwar kwalta na iya fin tsohuwa kisa. Binciken Göran Nilsson, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci na ƙara haɗurran da ke kisa da kimanin kashi 4. Titin da aka share masa ramuka, aka faɗaɗa shi, aka ratsa da shi tsakiyar gari ba tare da tanadin masu tsallakawa ba, tarko ne da aka ɗana da kuɗin jama'a.

Akwai masu cewa laifin direbobi ne, su ne masu ganganci da gudun wuce sa'a, wasu kuma su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ko shakka babu direbobi na kuskure, kuma za su ci gaba da yi muddin 'yan Adam ne ke riƙe da sitiyari. Abin tambaya a nan shi ne me zai biyo bayan kuskuren. Majalisar dokokin Suwidin ta amince a 1997 da manufar cewa bai kamata kuskuren direba ya zama hukuncin kisa ba, kuma masu tsara hanya na da nasu alhakin. Daga 1998 ƙasar ta fara raba hannayen wasu titunan karkara da shingen igiyar ƙarfe, kuma mace-mace a irin waɗannan tituna suka ragu da kimanin kashi uku cikin huɗu. Direbobin ba su sauya hali dare ɗaya ba; titin ne ya daina barin gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya zama taho-mu-gama.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Lissafin titunan karkara na kundin Amurka an gina shi ne a kan bayanan jihohi irin su Minnesota da Washington. Bai san ɗan acaɓa ba, bai san tirelar da aka yi wa lodin da ya wuce kima ba, balle kasuwar da ke ci a bakin kwalta ko garken shanun da ke tsallaka hanya da magariba. Bugunsa na farko ma bai ba masu tafiya a ƙasa kulawar da ta kai ta masu mota ba. Kundin da kansa ya shar'anta cewa kowane yanki ya daidaita lissafin da nasa yanayi, ta hanyar nazarin wurare 30 zuwa 50 da ke da jimillar haɗurra aƙalla 100 a shekara. A nan ne gizo ke saƙar, domin daidaitawa na bukatar sahihin rajista. A shekarar 2016 alƙaluman hukuma a Nijeriya sun nuna mutuwar mutane kimanin 5,000 a kan hanya, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan 40,000. Ƙasar da ba ta san inda mutanenta ke mutuwa ba, da wuya ta san inda za su mutu gobe.

Sai dai rashin rajista ba hujjar naɗe hannu ba ce. Shirin tantance hanyoyi na ƙasa da ƙasa, iRAP, wanda ya yi aiki a ƙasashe fiye da 100, yana auna siffofin titi ko zanensa, ya ba shi tauraro ɗaya zuwa biyar, daban ga mai mota, daban ga mai babur, da mai keke, da mai tafiya a ƙasa, ba tare da jiran tarihin haɗurra ba. A 2017 ƙasashe membobin Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince da burin cewa nan da 2030 kowane sabon titi ya cika ƙa'idojin kare dukkan masu amfani da shi, ko ya samu aƙalla tauraro uku. Mazauna Madina da Adenta a birnin Accra na ƙasar Ghana sun ɗanɗana kuɗar rashin irin wannan tanadi. An buɗe musu babban titi mai layuka da yawa ta tsakiyar unguwanni, aka bar gadojin sama guda shida na masu tafiya a ƙasa ba a kammala ba. Sai da mota ta kashe wata ɗaliba a watan Nuwamba na 2018, jama'a suka tare hanya suna ƙona tayoyi, sa'an nan aka koma kan aikin. Babu wani ma'aunin bincike da zai ba titi irin wannan shaidar lafiya ga mai tsallakawa.

Abin da ake bukata ba shi da sarƙaƙiya. Gwamnatoci da bankunan da ke ba su rancen gina hanyoyi su wajabta cewa kowane zane ya zo da ƙiyasin mace-mace da raunukan da ake sa rai, tare da na sauran zanukan da aka ajiye, kuma a bayyana wa jama'a. 'Yan sanda da asibitoci da hukumomin kiyaye haɗurra su haɗa bayanansu wuri guda, a riƙa rubuta takamaiman inda kowane haɗari ya auku. Jami'o'i su koya wa ɗaliban injiniya wannan lissafi kamar yadda suke koya musu auna ƙarfin siminti. Bayan shekara uku ko biyar da buɗe titi, a dawo a gwada abin da aka kintata da abin da ya faru, domin lissafin gaba ya fi na baya inganci.

Kintace ba duba ba ne. Ba zai faɗi sunan wanda zai mutu ko ranar da abin zai auku ba, kuma yana iya yin sama ko ƙasa da gaskiya. Amma titi kan yi shekaru 30 ko fiye yana aiki, kuma kwanar da aka lanƙwasa ba daidai ba a ofishin zane za ta ci gaba da karɓar harajinta na rayuka bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa, wanda ya yanke kyalle kuma ya bar mulki. Gyara a kan takarda fensir da abin gogewa kawai yake ci. Gyara a kan kwalta kuwa, sai an yi jana'iza tukuna ake tuna shi.