Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A yammacin ƙasar Kano, wajajen Masanawa da Kabo da Gwarzo, akwai Hausawa masu bin addinin Kirista. Yawancinsu zuriyar Maguzawa ne waɗanda mishan ta SIM ta kai wa wa'azi a zamanin Turawa, daga baya suka kasance cikin ikilisiyar ECWA wadda aka kafa a 1954. A irin waɗannan wurare ba abin mamaki ba ne a tarad da gida ɗaya, wa Musulmi, ƙane Kirista, kawunsu kuwa yana nan bisa al'adar kakanni. Suna noma tare, suna ci a akushi ɗaya, ba mai jin kansu. Sai ran da aka yi rasuwa magana takan tashi: wa zai yi wa mamaci sutura, ina za a binne shi, wa zai ci gonar, ina matarsa da 'ya'yansa za su zauna. A ganinmu, yawancin wannan rigima mamacin ne ya kamata ya kashe ta tun yana da rai, addininsa ma haka ya hore shi.

Kirista sun gaskata Yesu Almasihu ya mutu ya kuma tashi, saboda haka a wurinsu kabari masauki ne kafin ranar tashi. Amma wannan bege bai ɗauke wa kowa nauyin shiri ba. A cikin Linjilar Matiyu, sura 25, akwai misalin 'yammata goma masu jiran ango da dare. Biyar sun yi tanadin mai a fitilunsu, biyar ba su yi ba. Da ango ya iso ba zato, marasa mai suka tafi saye, kafin su komo an rufe ƙofa. Watau akwai abin da ba a arar wa mutum a sa'ar ƙarshe, ko da daga wurin ɗan'uwansa ne. Haka kuma a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 20, da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, saƙon da Annabi Ishaya ya fara kawo masa shi ne ya kintsa al'amuran gidansa. Ashe kintsa gida yana cikin shirin ruhu.

Tarihin ƙasar nan ya nuna mana mutuwa ba ta sallama iri ɗaya. Wajen shekarar 1867, zamanin Sarkin Kano Abdullahi, an yi wani Malam Ibrahim a birni wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman fada suka yarda. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwa. Shi da mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, ba Kirista ba ne a lokacin. Suka watsu wajen ƙasar Ningi, suna riƙe da labarin cewa malaminsu ya bar musu wasiyya su jira ƙarin bayani. Wannan mutum ya ga ajalinsa tafe da idonsa, ya kuwa sami abin da zai bar wa na baya.

A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila na mishan ta CMS a Zariya, suka shiga addinin Kirista, suka kafa mazauni a Gimi. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa garin. Ciwo ne mai cin mutum a hankali, yana ji yana gani, wata da watanni. Mutane da yawa suka mutu, garin ya tashi, aka kwashe sauran zuwa Zariya, har mishan ta koma Wusasa a 1929. Da ragowar sun ce Allah ya yashe su, da ba mai ganin laifinsu. Amma suka riƙe bangaskiyarsu, suka sa 'ya'yansu makaranta. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Waɗannan duka sun sami lokaci. Akwai kuwa waɗanda ba su samu ba. Ran Lahadi 29 ga Afrilu 2012, 'yan bindiga suka afka wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Kano, suka kashe mutane da dama, har da manyan malaman jami'ar. A ran 20 ga Janairu na wannan shekara an riga an kashe mutum fiye da 180 a birnin, Musulmi da Kirista. Ba ko ɗaya cikinsu da ya fito gida da safe yana sane ba zai koma ba. Wanda ya ajiye tuba da biyan bashi sai ya kwanta jinya, wa ya yi masa alkawarin zai sami jinyar?

To, mene ne shirin? Na farko tsakanin mutum da Ubangijinsa ne, ba mai shiga. Sauran kuwa a fili yake. Mai bashi ya biya, in bai iya ba ya faɗa wa iyalinsa nawa ne, na wane ne. Mai riƙe da amanar marayu ko kuɗin ikilisiya ya fid da lissafi. Wanda ya shekara goma ba ya gaisawa da ɗan'uwansa saboda iyakar gona ya taka ya je, gama Istifanas, shahidi na fari a cikin Ayyukan Manzanni, yana cikin roƙa wa masu jifansa gafara ransa ya fita. Sa'an nan ya sa a rubuta wasiyyarsa: addinin da yake a kai, inda yake so a binne shi, gonakin da ya gada da waɗanda ya saya, da wanda zai riƙe yara. A karanta ta gaban fasto da mai unguwa, da shaidu daga 'yan'uwansa na kowane addini, don kada wani ya ce an ƙulla ta a ɓoye.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce mai zancen mutuwa kiranta yake yi. Wannan camfi ne. Hezekiya da aka ce ya kintsa gidansa, shekara 15 aka ƙara masa bayan haka. Waɗansu za su ce rubuta wasiyya al'adar Turawa ce, alhali kuwa shari'ar Musulunci ta san wasiyya tun da daɗewa, har ta yanka mata iyaka, sulusin dukiya. Akwai kuma masu zarce gona da iri, waɗanda ke cewa tun da sun shirya, ba ruwansu da asibiti, addu'a ta isa. Su tuna mutanen da suka kawo musu wa'azi su ne suka karɓi aikin jinyar kutare a ƙasar Kano a 1937, suka kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Shirin mutuwa daban, ganganci da rai daban.

Daɗa ga inda maganar ta shafe ku, malaman makaranta da akawuna. A ƙauye ku ne masu alƙalami, wurinku ake kawo takardar cinikin gona da wasiƙar ɗa daga birni. In tsoho ya zo a rubuta masa wasiyya, ku rubuta abin da ya faɗa daidai, ba ragi ba ƙari, ko da addininku ya saɓa da nasa. Ku sa kwanan wata, ku karanta masa a gaban shaidu, a yi kofe biyu. In kuwa ya rasu, dangi su cika masa abin da ya roƙa. Mamaci ba shi da bakin kare kansa, kuma wanda ya danne wasiyyar wani yau ya koya wa 'ya'yansa yadda za su yi da tasa gobe. Haka nan masu unguwanni da dagatai su duba, kowace jama'a a ƙasarsu ta sami maƙabarta sananniya mai iyaka, tun ba a kai ga tsayawa da gawa ana gardama ba.

Mutuwa rigar kowa ce, ba ta tambayar addini kafin ta shiga gida. Allah ya ba kowannenmu ikon gyara tsakaninsa da Mahaliccinsa da maƙwabcinsa tun da sauran numfashi, amin.